Yaya Maimaita da Kwaɗo Mai Tsegumi

Idan ka ce wa Maimaita ana ruwa a waje, zai tashi ya leƙa taga, ya dawo ya zauna, ya sake tashi ya leƙa. Ba wai ya ɗauke ka maƙaryaci ba ne. Shi dai a wurinsa abin da ya faru sau ɗaya bai gama faruwa ba tukuna. Tun yana ƙarami haka yake. An ce ranar da aka kai shi sayen takalmin makaranta, ya sa ya taka har bakin ƙofa, mai shago ya tambaye shi ko ya yi masa daidai, sai yaron ya cire, ya sake sawa, ya ce, "A maimaita." Sunan ya biyo shi daga wannan shago har furfura ta fara fito masa a gemu. Matarsa ma, wadda kowa ke kira Nas saboda aikinta na asibiti, takan ba da labari cewa ranar da ta amsa za ta aure shi, washegari ya dawo ya sake tambayarta, wai don ya tabbatar ba yanayin jiya ne ya yi magana ba.

"Da ya dawo a karo na uku na ce masa in ya ƙara zan canza amsa," in ji ta. "Shi ne fa na samu lafiya."

Mutum irin wannan aiki ɗaya ne ya dace da shi a duniya, kuma Allah ya haɗa su. Kamfaninsu yana rubuta manhajar da ke kulle saƙonnin mutane a waya da kwamfuta, yadda duk wanda ya tare saƙo a hanya ba zai ga komai ba sai tarkacen haruffa. A ofis ba sa wahalar da bakinsu da dogayen sunaye. Lissafin da ke kulle saƙon, kwaɗo suke ce masa. Lambar sirrin da ke buɗe shi kuma, mabuɗi. Akwai masu ƙera kwaɗo. Maimaita ba ya ƙera komai. Shi ake kawo wa in an gama, ya ɗora kwaɗon a kan manhajarsa ta gwaji, wadda ya rubuta da hannunsa kuma yake ji da ita kamar 'yarsa ta fari, ya auna abu biyu: saurinsa da riƙon bakinsa.

Sauri dai kowa ya gane. Riƙon bakin ne ya taɓa zama ya yi wa Inna bayaninsa, mahaifiyarsa, wadda ta dawo gidansa da zama tun da gwiwoyinta suka ƙi hawa bene.

"Inna, a ce ɓarawo ya zo yana gwada mabuɗai ɗaya bayan ɗaya. Kwaɗon zai yi ta ce masa a'a. To amma in mabuɗin ya yi nisa da na gaskiya ya ce a'a nan take, in ya kusa kuma ya ɗan yi jim kafin ya ce a'a, ɓarawon da ke riƙe da agogo zai gane yana kusantowa. Kwaɗon bai buɗe ba, amma ya yi tsegumi. Aikina in kama mai tsegumi kafin ɓarawo ya kama shi."

Inna ta ajiye kofin shayinta.

"Au, wannan ne aikin? Shi ne aka yi ta kai ka makaranta har kai ya fara sanƙo? Ai da shi na raine ku. In na ce wa ya shanye madarar nan, wanda bai sha ba kafin in rufe baki ya ce ba ni ba ne. Wanda ya sha kuwa sai ya haɗiye miyau tukuna. Kai kam har rufin ɗaki kake kallo, kamar a can aka rubuta amsar."

Daga ranar Inna take ce wa maƙwabta ɗanta mai kama maƙaryata ne a kwamfuta, kuma a wurinta ya gada.

Cikin masu ƙera kwaɗo a kamfanin akwai Auta, ƙanwarsa, wadda ya goya a kafaɗa, ya koya mata riƙe cokali, daga baya ya koya mata kwamfuta, yanzu kuma take magana da sauri har sai ya ce ta dakata ya gama jin ta farko. Auta ta daɗe tana ƙera wani kwaɗo. Ta rame a kansa, ta daina zuwa bukukuwan ƙawayenta a kansa, wani saurayi ma ya gaji da jira ya kama gabansa a kansa. Da ta gama, Manaja ya tara su ya faɗi magana a fili: za a yi zama, za a karanta rahoton Maimaita. In kwaɗon Auta ya riƙe bakinsa, shi za a sa a sabuwar manhajar kamfani. In ya yi tsegumi, za a ɗauko na wani kamfani, ita kuma ta sauka hawan ƙasa, wurin masu amsa wayar mutanen da suka manta lambar sirrinsu.

"Yaya, ka ji dai," in ji Auta a kan matakala. "Hawan ƙasa. In ce wa mutum ya tuna sunan kyanwarsa ta farko kafin in ba shi sabuwar lamba."

"Manhaja ba ta san ƙanwa ba," in ji shi.

"Na sani. Shi ya sa nake magana da kai, ba da ita ba."

Maganar ta zauna masa. Ya ƙudurta gwajin nan zai yi shi yadda ko maƙiyi ba zai samu abin cewa ba. Matsalar ita ce ofis. Kwamfutar gwaji tana son zaman lafiya kamar mai jego: kada a girgiza ta, kada a ba ta wani aiki daban, kada zafin ɗaki ya canza, domin tana auna abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma da ta ji zafi sai ta rage gudu don kada ta ƙone. A ofis kuwa akwai Dogo, abokin zamansa, wanda ya taɓa zare mata waya a tsakiyar gwaji don ya yi cajin wayarsa, ya ce ai minti biyu ne. Kuma a makon ne na'urar sanyaya ɗakin ta fara tari tana tsayawa. Sai Maimaita ya nemi izini, ya rungumo kwamfutar a ƙirji kamar jariri, ya kawo ta gida.

Ya share ɗan ɗakin da ke kusa da kicin, inda ake jibge akwatuna da keken yaran da ƙafarsa ta karye. Ya sa tebur, ya ajiye baƙin akwatin kwamfutar a ƙarƙashinsa, bayansa na kallon fili don iskar da fankarsa ke hurowa ta samu hanyar fita. Sannan ya tara mutanen gida ya karanta musu doka. Ba shiga. Ba buɗe taga. Ba gudu a baranda. Ya rubuta takarda da manyan haruffa ya manna a ƙofa. Ƙofar dai makullinta ya lalace tun shigarsu gidan, da bakin cokali ake buɗe ta, kuma Nas ta gaji da faɗa.

"Mai gwada kwaɗon duniya," in ji ta, "ƙofarsa cokali ke buɗewa."

"Wancan ƙarfe ne. Ba fannina ba ne."

Yadda yake gwajin kuwa, ga shi. Yana tara mabuɗan ƙarya tuli biyu: tulin waɗanda suka yi nisa da na gaskiya, da tulin waɗanda suka kusa. Manhajar ta riƙa miƙa wa kwaɗon ɗaya bayan ɗaya, ba adadi, tana rubuta tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya ce a'a. In an gama sai ta zana tudu biyu a allo, shuɗi na nesa, ja na kusa. In tudun nan biyu suka hau kan juna, kwaɗo ya riƙe baki. In suka rabu, ya yi tsegumi.

Duk masu wannan sana'a sun san ana cakuɗa tulin biyu ne, a miƙa su a hargitse, don kome ya samu kwamfutar ya same su tare. Maimaita ma ya sani. Shi da kansa ya sa wa manhajarsa maɓallin cakuɗawa. Amma mutum ne da ba ya son cakuɗe a rayuwa. A faranti ba ya bari miya ta taɓa abinci sai a kan cokali. Safarsa baƙaƙe na gefe, masu ruwan toka na gefe. Ya taɓa dawowa daga hanyar ofis saboda ya tuna cewa ya sa cokulan shayi cikin na cin abinci. Tun da daɗewa ya kashe maɓallin nan, don yana jin daɗin ganin lambobi sun fito a jere, kowa cikin danginsa, kuma a ɗakin ofis mai sanyi iri ɗaya safe da yamma hakan bai taɓa ba shi kunya ba, har ya manta akwai maɓallin. Don haka da safe kwamfutar takan cinye tulin nesa yana zaune a gabanta da littafi. Da rana ta take, lokacin da ta juya kan tulin kusa, sai ya ja ƙofa ya tafi ofis.

Yammacin farko ya dawo, ya sa cokali ya buɗe ƙofa, ya kunna allo. Shuɗin tudu yana nan tsaye. Jan tudu ya ja gefe can, kamar wanda aka yi faɗa da shi.

Maimaita ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"A maimaita," ya ce wa ɗakin.

Ya maimaita washegari. Tudu suka rabu. Ya sake maimaitawa, suka rabu, har tazarar ta ɗan ƙaru. Abinci ya fara dawowa kicin da rabinsa. Nas ta taɓa goshinsa, ta ce ba zazzaɓi.

"To me ke damunka?"

"Ja ya ƙi shuɗi."

"Allah ya daidaita su," in ji ta, ta juya ga abin da ta gane. "Ka lura kuwa da Inna? Kwana biyun nan ba ta ce in dafa mata ruwan gashi ba. Jiya ma na same ta ta durƙusa tana neman zobenta a ƙarƙashin gado, da gwiwar nan tata. Wane magani ka sayo mata ban sani ba?"

"Ni ban sayo komai ba," ya ce, hankalinsa yana kan tudu.

Ranar hutun ƙarshen mako bai je ko'ina ba, ya wuni a gida yana gyaran keken yara a baranda, a bakin ƙofar ɗakin gwaji. Inna ta yi ta zirga-zirga, ta wuce ta dawo, ta tambaye shi ko ba shi da abokan da zai ziyarta. Da yamma ya duba allo: tudu biyu sun kwanta kan juna lafiya lau, kamar tagwaye. Zuciyarsa ta yi tsalle. Amma ya danne ta. Wannan sau ɗaya ne, wancan kuwa sau da yawa. A sana'arsu in sakamako ɗaya ya bar 'yan'uwansa ya yi nasa wuri, ɓatacce ake ce masa, a ture shi gefe. Ya ture shi. Da aka koma aiki tudu suka koma rabuwarsu, sai ya ce wa kansa, ka gani ko.

Dole ya gaya wa Auta. Ta zo gidan da yamma, kwamfutarta a hammata, idanunta sun yi ja, ta zauna a teburin cin abinci ba ta ko cire jaka ba.

"Yaya, na bi layi-layi. Babu inda yake tsayawa ya yi tunani. Hanyar da mabuɗin nesa ke bi ita mabuɗin kusa ke bi. Na rantse maka."

"Ni ban ce kin yi ƙarya ba. Agogo ne ya ce."

"Ko sau ɗaya bai fito da kyau ba?"

Ya gyara zaman cokalinsa. "Sau ɗaya. Ɓatacce ne. Na ture shi."

"Ka ture shi!" Auta ta miƙe. "Inna, kin ji? Sau ɗaya Allah ya taimake ni, Yaya ya ture!"

"Abin da ya faru sau ɗaya..."

"Kada ka ƙarasa, don Allah. Tun ina goye nake jin ta."

"Ku yi min shiru," in ji Inna. "Kai, ba za ka ce wa akwatin nan ƙanwarka ce ba?"

"Inna, ba a ce masa komai."

"To akwati ne marar tarbiyya. Amma dai yana da..." Ta tsaya, ta ɗauki kofinta. "Ku sha shayinku zai huce."

Auta ta tafi ba ta sha ba. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ka aika rahotonka, Yaya. In ka manta lambar sirrinka ka kira hawan ƙasa, zan taimake ka."

Saura kwana ɗaya a yi zaman, da safe, ya aika rahoton. Ya rubuta cewa kwaɗon yana da sauri ƙwarai, ya fi duk wanda ya taɓa gwadawa, amma yana tsegumi. Ya daɗe yatsansa na shawagi kafin ya danna. Sannan ya shiga ɗakin gwaji don ya kashe kwamfutar ya naɗe wayoyinta, ya durƙusa a ƙarƙashin tebur, sai hancinsa ya ci karo da wani abu. Ya shaƙa. Ya fito, ya sake shiga, ya sake shaƙa. Ƙamshin man zafi ne, irin mai sa ido hawaye, wanda ake shafa wa gwiwa. A jikin ragar da iska ke fita kuma ga zare-zaren ulu, ruwan ƙasa, sun maƙale.

Gidan nan bargo ɗaya ne ruwan ƙasa.

Ya fito falo a hankali. Nas tana ɗaura agogo za ta tafi aikin rana, Inna tana kan kujerarta tana kallon agogon bango, abin da bai taɓa lura tana yi ba.

"Nas, kin shiga ɗakin nan?"

"A'a," in ji ta, kafin ya rufe baki. "Me zan yi da shi?"

"Inna, kin shiga ɗakin nan?"

Fankar sama ta zaga. Wata mota ta wuce a titi. Inna ta haɗiye miyau. Idonta ya tashi sama, ya tsaya a kan rufi.

"Wane ɗaki?" in ji ta.

Nas ta zauna a hannun kujera, ta toshe baki da gyale.

"Inna," in ji Maimaita, muryarsa ta yi ƙasa, "rufi kike kallo."

"To na shiga! Sai me? Ni da na haife ka, takarda ce za ta hana ni shiga ɗaki? Kuma ban taɓa maka komai ba. Ko maɓalli ɗaya. Zama kawai nake yi."

Ba a tambaye ta ba ta tashi ta nuna musu. Ta ɗauko cokali daga aljihun rigarta, ta buɗe ƙofa da gwanintar wanda ya saba, ta jawo 'yar kujera daga bayan akwatuna, ta zauna daidai bayan kwamfutar, ta kafa gwiwoyinta biyu a bakin ragar iska. Sannan ta warware bargon ta lulluɓe gwiwoyin da akwatin gaba ɗaya, ta tura gefe-gefen a ƙarƙashi don kada ɗumi ya tsere. Daga cikin bargon fankar ta fara kuka, uuuu, kamar jirgi zai tashi.

"Ka ji? In ya fara wannan kukan to ya yi daidai," in ji Inna, ta lumshe ido. "Ranar farko na zo neman akwatina ne na ji iska mai ɗumi tana bugun ƙafata. Na ce ikon Allah, ga magani yana zuba a banza. Da ka fita nake shiga, kafin ka dawo na fita. Ranar hutun nan da ka tsare ƙofa kuwa, kwana na yi ina juyi."

Maimaita ya jingina da bango. Tulin nesa da safe, a sarari, cikin iska. Tulin kusa da rana, a cikin bargo, kwamfuta tana haki tana rage gudu. Ya yi ta maimaitawa, ita ma Inna tana maimaitawa, kowa a kan lokacinsa.

Ya kira Auta. Ta iso da sauri har takalminta ɗaya bai gama shiga ba. Ya tare ta a ƙofa da bayani, yana nuna bargo, yana nuna zaren ulu, kamar mai gabatar da ƙara.

"Kin gani? Ba kwaɗonki ba ne, ba manhajata ba ce. Inna ce. Zafi ne ya rage gudun, daidai lokacin da..."

Auta ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta durƙusa ta rungumi Inna da bargo da akwati duka. Sai dariyar ta tsaya cak. Ta ɗago.

"Tsaya, Yaya. Zafi ai ba ya zaɓen mabuɗi. In sun shiga a cakuɗe, bargon zai rage musu gudu su duka, tudun su yi faɗi amma su zauna tare. Ta yaya ja kaɗai ya sha zafi?" Ta miƙe tsaye. "Yaya. Ka cakuɗa kuwa?"

Fankar tana ta kuka a cikin bargo.

Maimaita ya haɗiye miyau. Ya yi iya ƙoƙarinsa, wallahi ya yi, amma idon ya ƙwace ya tashi sama.

"Ya kalli rufi," in ji Inna, ba ta ko buɗe ido sosai ba. "Shi ya sha madarar."

"Kai ka koya min!" in ji Auta. "Darasin farko! Ka ce Auta, ko me za ki manta kada ki manta cakuɗawa!"

"Lambobin sun fi kyan gani a jere," ya ce, a hankali.

"Sun fi kyan gani! Nas, ki riƙe ni."

"Ni na makara aiki," in ji Nas, tana share hawaye, "amma wallahi ba inda za ni."

Ya zauna a gaban allo, ya nemo maɓallin da ya yi shekaru bai taɓa ba, ya kunna. Ya juya zai roƙi Inna ta tashi, Auta ta tare shi.

"A'a. Bar ta. Da gwiwar za a yi, da bargon. In kwaɗona ya riƙe baki a cikin wannan zafin, ba mai sake ce min komai."

"Yauwa, 'yar albarka," in ji Inna, ta ƙara tura bargon.

Haka aka wuni. Mabuɗan nesa da na kusa suna shiga a hargitse, lambobi suna gangarowa ba tsari ba dangi, Maimaita yana kallonsu yana yamutsa fuska kamar an zuba masa miya a kan komai. Kafin rana ta faɗi manhajar ta zana tudunta. Sun yi faɗi, sun baje kamar an zauna a kansu, amma ja yana kwance a kan shuɗi, ba ka gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Aka ɗage bargo aka sake yi a sarari, kafin gari ya waye shi ma ya fito haka.

Saura abu ɗaya: rahoton jiya yana hannun Manaja, kuma ya riga ya raba wa kowa.

A ɗakin zama Manaja ya buɗe baki zai fara jajanta wa Auta, Maimaita ya ɗaga hannu. Bai taɓa janye rahoto ba tun da ya shigo kamfanin, kuma kowa a ɗakin ya sani. Ya tashi, ya sa sabon zanen a bango. Yana iya cewa kwamfuta ce ta samu matsala a gida, ba wanda zai bincika. Ya dubi Auta, ta naɗe hannu tana jiransa. Sai ya faɗi komai a jere, yadda yake son abubuwa: da maɓallin, da bargon, da cokalin.

"Kwaɗon ba ya tsegumi," ya ƙarasa. "Kuskurena ne."

Dogo ya saki baki.

"Yaya, yi haƙuri," in ji Auta, ta sa hannu a bayan kunne. "Na'urar sanyin nan tana ƙara, ban ji na ƙarshen ba. A maimaita."

Ya maimaita. Dogo ya ce shi ma daga can baya bai ji ba. Manaja ya buga tebur ya ce ya isa, amma kafaɗunsa suna rawa don dariya. Aka sa kwaɗon Auta a sabuwar manhaja, hawan ƙasa kuma ya ci gaba da neman mai amsa waya. Tun daga lokacin, duk kwaɗon da aka kawo gwaji a kamfanin sai wani ya tambaya, "An yi masa na bargo?" kuma ba wasa ba ne, Maimaita ya mayar da shi doka: sau ɗaya a sarari, sau ɗaya cikin zafi, kullum a cakuɗe. Maɓallin kashe cakuɗawar ma ya cire shi daga manhajar gaba ɗaya, don ya san halinsa. Farantinsa dai har yau miya ba ta taɓa abinci sai a kan cokali.

Kwamfutar ba ta koma ofis ba. Manaja ya aiko a ɗauko ta, Inna ta ce a gaya masa ya zo da kansa ya ɗauka, bai zo ba. Nas ta sayo mata jakar ruwan zafi sabuwa fil, ta ce ba ta kai ba, ba ta kuka. An cire takardar ƙofa, an bar cokalin a rataye da zare a jikin mariƙin.

Abu ɗaya kawai Inna ke ƙorafi a kai. Kwaɗon Auta ya cika sauri, kafin gwiwa ta gama ɗaukar ɗumi ya cinye mabuɗansa, fanka ta yi shiru. Sai ka ji muryarta daga ɗan ɗakin, ta ratsa kicin har falo:

"Kai! Abin nan na ƙanwarka ya gama, ta hagu ko ɗumi ba ta yi ba. Zo ka maimaita."